Jirgi Iri Ɗaya, Mutum Ɗaya: Yadda Ake Cin Tseren ILCA 7 na Maza a Olamfik

Wanda ya kunna talabijin ya ci karo da tseren ƙananan jiragen ruwa na gasar Olamfik, abin da zai fara gani ruɗani ne. An busa ƙaho, jirage arba'in da 'yan kai sun tashi daga layi ɗaya, amma maimakon su doshi wuri guda sai rabi su yi dama, rabi su yi hagu. Babu ko ɗaya da ya miƙe zuwa alamar da ake so a kewaya. Can sai ka ga wani ya ware gefe yana juyi a wuri ɗaya har sau biyu, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ranar ƙarshe kuma mai sharhi ya sanar cewa wanda ya shigo kusa da na ƙarshe shi ne ya ci tagulla.

Haka ta faru a gasar Paris ta 2024, wadda aka yi ɓangaren jiragenta a tekun Marseille, garin da masu bin ƙwallo suka fi sani da kulob ɗinsa. Maza 43 daga ƙasashe 43 suka shiga rukunin jirgin mutum ɗaya mai suna ILCA 7, domin kowace ƙasa gurbi ɗaya tak ake ba ta. Matt Wearn na Ostireliya ya ɗauki zinare, Pavlos Kontides na tsibirin Saifurus azurfa, Stefano Peschiera na Peru tagulla. Cikin tsere takwas na share fage, biyu kawai Wearn ya ci. Idan aka gane yadda mutum zai ci biyu cikin takwas kuma ya yi wa kowa fintinkau, an gane wasan.

Jirgin da ba ya nuna bambanci

Babu inji, babu tuƙi da hannu. Iska ce kaɗai ke tura jirgin ta hanyar filafili, wato faffaɗan ƙyallen nan mai kusurwa uku da ke tarar iska. Tsawon jirgin mita 4.23 ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, gangar jikinsa kusan kilo 59, ƙyallen kuma murabba'in mita 7.06, daga nan lambar 7 ta sunan ta fito. Bruce Kirby, mutumin Kanada, shi ya zana shi, aka fara nuna shi a kasuwa a 1971 da sunan Laser. Ya shiga Olamfik a 1996. Sunan ILCA, wato gajeren sunan ƙungiyar da ke kula da wannan rukuni, ya zo ne daga baya, sakamakon rigima kan mallakar sunan kasuwanci, amma jirgin bai canza ba. An ƙera fiye da dubu 200, shi ya sa ƙasar da ba ta da kuɗin manyan jirage ma tana iya fitar da ɗan wasa a wannan rukuni.

Dokar rukunin mai tsauri ce: duk abin da ba a rubuta an halatta ba, haramun ne. Ba ka da ikon sake wa ƙyalle yanka, ko rage wa jirgi nauyi, ko sauya siffar allunansa. A Olamfik ma masu shirya gasa ne ke raba jirage, da jigo da ƙyalle da alluna, kowa ya karɓi rabonsa. Abin da ɗan wasa ke zuwa da shi daga gida bai wuce igiyoyinsa, sandar linzaminsa da kamfas ba. Saboda haka ba mai cewa kayan wane sun fi nawa.

Sassan ba su da yawa. Akwai jigo, doguwar sanda mai gaɓa biyu da ake zura ƙyallen a kanta kamar safa, a dasa ta cikin rami a gaban jirgi ba tare da wata waya ta riƙe ta ba. Akwai sandar kwance da ke riƙe gindin ƙyallen. Akwai allon tsakiya da ake zurawa ta ƙasan jirgi ya shiga ruwa, sai allon baya wanda shi ne linzami. A tsakiyar wurin zama kuma akwai ɗamara, wadda matuƙi ke saƙala ƙafafunsa.

A da, maza suna da jirgin mutum ɗaya iri biyu. Ɗayan shi ne Finn, mai nauyi da babban ƙyalle, wanda ya zauna a Olamfik daga 1952 har gasar Tokyo, kuma ƙarti masu kilo 95 zuwa sama ne ke tuƙa shi. An cire shi kafin Paris lokacin da aka daidaita guraben maza da mata, 165 kowane ɓangare. Daidaitawar ta dace, amma ta bar manyan mutane ba jirgi, domin ILCA 7 ya fi karɓar mai kilo 80 zuwa 85.

Hawa: inda cinya ke biyan kuɗi

Jirgin filafili ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar kusantar da yake yi kusan digiri 45 ne daga inda take fitowa. Amma da gangan ake ajiye alamar farko daidai a bakin iska, don haka dole a je mata a karkace: a yi dama, a juya, a yi hagu, kamar mai hawan dutse da jaki. Tazarar kilomita ɗaya a miƙe takan zama kusan kilomita 1.4 a ruwa. Wannan ɓangare shi za mu kira hawa, dawowarsa kuma gangara.

A hawa iska ba tura ƙyallen take yi daga baya ba. Bi take yi ta ɓangarorinsa biyu kamar yadda take bin fiffiken jirgin sama, sai ƙarfin da ya samu ya ja jirgin, akasari zuwa gefe, kaɗan zuwa gaba. Allon tsakiya ne ke ƙin tafiyar gefen, sai abin da ya rage ya zama tafiyar gaba, kamar ɗan tsamiya mai santsi da aka matse tsakanin yatsu biyu ya fice. Matsalar ita ce ƙarfin iska yana sama, turjiyar allo tana ƙasa, don haka jirgin kullum so yake ya kwanta. Da ya kwanta kuwa, goshinsa ya riƙa fizgewa zuwa cikin iska, matuƙi ya riƙa jan linzami don ya hana, linzamin da aka karkatar kuma birki ne.

Maganin jikin mutum ne. Matuƙi yana saƙala ƙafafu a ɗamara, ya ɗora cinyoyi a bakin jirgi, ya fitar da ƙugu da baya gaba ɗaya su rataya a kan ruwa. Iya nisan da kafaɗunsa suka yi daga tsakiyar jirgi, iya ƙarfin da yake da shi na miƙar da shi. Yana yin haka minti goma ko fiye a kowane hawa, hannu ɗaya a linzami, ɗaya a babbar igiyar da ake ja ko sassauta ƙyallen da ita, yana lanƙwasa jiki gaba da baya don goshin jirgi ya haye raƙuman ruwa ba tare da ya dake su ba. Sukan sa wando na musamman mai sanduna a bayan cinya don bakin jirgi kada ya datse jini. Galibinsu 'yan keke ne na gaske, saboda cinya da numfashi. Wanda cinyarsa ta gaji yakan ɗan zauna ciki da taƙi ɗaya, ba wanda zai lura a talabijin, amma cikin minti biyu na kusa da shi ya wuce shi da tsawon jirgi.

Ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Ba a rage girman ƙyalle a tsere, siffarsa ake canzawa, da igiyoyi uku ban da babbar. Ta farko tana danne sandar kwance ƙasa, ta lanƙwasa jigo, ƙyallen ya baje. Ta biyu tana jan gaban ƙyallen ƙasa a jikin jigo, ta dawo da tumbinsa gaba, ta buɗe samansa iska ta zube. Ta uku tana jan gindin ƙyallen zuwa ƙarshen sandar kwance, ita ke ƙayyade zurfin tumbin. A matsakaiciyar iska akan bar zurfin kamar taƙi guda. Iska mai laushi tana son ƙyalle mai tumbi, mai ƙarfi tana son shafaffe. A iska mai ƙarfi ana ɗaure ukun tamau, har ƙyallen ya zama kamar allo.

Kuskuren da ya fi kama mutane a nan mantuwa ce. Idan aka iso alamar sama ba a sassauta igiyar da ke danne sandar kwance ba, jirgin ya ƙi juyawa ƙasa, ƙarshen sandar ya caki ruwa, sai kifewa. A iska mai tsanani gaɓar jigo ta sama tana iya lanƙwashewa ko ta karye. Shi ya sa za ka ga ƙwararru, saura tsawon jirgi biyu ko uku su kai alama, sun sunkuya ciki da sauri sun saki igiyoyi, sannan su juya.

Minti biyar kafin ƙaho

Layin tashi ba a zane yake ba. Layi ne na ƙiyasi tsakanin jirgin alƙalai da wata alama mai iyo. Ana ɗaga tutar rukuni saura minti biyar, tutar shiri saura huɗu, a sauke ta saura ɗaya, sannan a tashi. Jirgin ruwa ba shi da birki, ruwa da iska kuma ba sa barinsa ya tsaya cik, don haka riƙe shi a wuri ɗaya, tsakanin jirage biyu da ke goga masa kafaɗa, gwaninta ce mai zaman kanta.

Abu biyu ake nema. Na farko, gefen layin da ya fi riba. Da wuya layi ya daidaita sosai da iska. A ce tsawonsa mita 250 ne kuma ya karkace da digiri biyar kacal: wanda ya tashi a kyakkyawan gefen ya riga ya samu kusan mita 22, tsawon jirgi biyar, tun ba a fara ba. Sai dai kowa ya san haka, don haka can ne cunkoso yake, kuma cikin goma da suka yi rububin gefen, biyu ko uku ne ke fita lafiya. Na biyu, fili a ƙasan iskarka. Matuƙi yana ƙoƙarin barin 'yar tazara tsakaninsa da jirgin da ke gefen da iska ke tafiya, domin saura daƙiƙa biyar ko shida ya karkata cikinta ya ɗauki gudu. In wani ya shigo ya cike tazarar, shi ke nan, za a tashi ya bar shi a baya yana shaƙar gurɓatacciyar iska. Ƙyallen kowane jirgi yana lalata iskar da ta wuce shi har tsawon jirage da dama, kuma wanda ya faɗa cikin wannan inuwa ba ya gudu, ba ya hawa. Dole ya juya ya nemi iska mai tsabta, ko da ta kai shi gefen da bai so ba.

A tsakiyar layi da wuya mutum ya san ko ya kai ko bai kai ba. Dabarar ita ce tun da wuri a leƙa ta kan alamar ƙarshen layi a ga abin da ya yi daidai da ita a tudu, wani gini ko tsinin dutse, a riƙe shi. Sauran kuma ido ne, wanda ba mudu ba amma ya san kima.

Gaba kura, baya siyaki. Jinkirin daƙiƙa biyu ya jefa ka sahu na biyu. Gaggawar rabin mita ta fi haka muni. A ƙarƙashin tutar shiri ta yau da kullum, wanda ya ƙetare kafin lokaci zai iya komawa ya sake tashi. Amma idan jirage suka yi ta ƙetarewa, alƙalai sukan ɗaga tutar U ko baƙar tuta. A ƙarƙashinsu, duk wanda aka gani gaban layi cikin minti na ƙarshe an kore shi daga wannan tseren, ba shari'a. Bambancinsu: idan aka soke tashin aka sake, mai laifin tutar U ya tsira, mai laifin baƙar tuta kuwa yana waje. Korarre makinsa adadin jirage da ƙarin ɗaya, wato 44 a Marseille.

Me ya sa suke watsewa

Iska ba ta tsayawa a kusurwa ɗaya. Tana kaɗawa dama da hagu da digiri biyar, goma, wani lokaci fiye. Duk lokacin da ta kaɗa, ɗayan ɓangarorin hawa ya zama gajeriyar hanya, ɗayan doguwa. Lissafin da matuƙa ke riƙewa a ka shi ne: kaɗawar digiri goma tana ba wanda ke gefen da iskar ta koma ribar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakaninsu. Jirage biyu da suka rabu da mita 100, ɗaya ya samu mita 25. Idan sun rabu da mita 600, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, ribar mita 150 ce, abin da babu cinyar da za ta biya.

Daga nan tambayar da ke raba gwani da ɗan koyo take fitowa: wannan kaɗawar za ta dawo, ko somin-taɓi ce? Idan iskar mai kai-da-komo ce, ka juya duk lokacin da ta karkatar da goshinka daga alama, ka zauna kusa da tsakiya. Idan kuwa juyawa take yi sannu a hankali zuwa gefe guda, kamar yadda iskar teku kan yi da rana idan tudu ya ɗumama, sai ka daure ka nufi gefen da take komawa, ko da a farko kamar asara kake. Wanda ya ɗauki ta biyu a matsayin ta farko zai juya da wuri, ya wayi gari rabin jiragen sun wuce ta gabansa.

Kamfas yana faɗa maka kusurwar da kake tafiya, 'yan zaren da ke manne a ƙyalle suna faɗa maka ko iska na bin sa daidai, amma abin da ke zuwa sai an ɗaga kai. Inda ruwa ya yi duhu ya yamutse, iska ce ke tafe. Inda ya yi sheƙi kamar faranti, rami ne. Jiragen da ke can gefe ma ma'auni ne, kusurwarsu da kwanciyarsu suna nuna irin iskar da suke ciki. Koci yana nan cikin jirginsa mai inji, amma tsakanin tsere da tsere kawai yake magana. Da an ɗaga tutar shiri, taimakon waje haramun ne.

Marseille ta shahara da mistral, iska mai ƙarfi daga arewa maso yamma, kuma da yawa sun yi shiri dominta. Abin da aka samu a makon gasar akasari zafi ne da iska mai rauni, mai yawo tsakanin tsibiran Frioul da duwatsun gaɓa. Tsere goma aka tsara, takwas aka samu yi.

Gangara

Mai kallo zai ɗauka nan ne hutu, tunda iska na baya. A wannan jirgi nan ne ake wuce mutum goma a tafiya ɗaya. Da yake babu wayar da ke riƙe jigo, ana iya sakin ƙyallen har ya wuce kusurwar digiri 90, a karkata jirgi yadda iska za ta shigo ta bakin ƙyallen na baya ta fita ta wajen jigo, akasin yadda ta saba. Wannan ya ba matuƙi damar kaɗawa dama da hagu ba tare da ya sauya wa ƙyalle gefe ba. Sai ya riƙa tafiyar maciji yana farautar raƙuman ruwa: ya hau bayan wannan ya zame, kafin goshinsa ya nutse cikin na gaba ya kauce ta inda ya fi ƙasa. Ana ɗaga allon tsakiya kaɗan don rage jan ruwa, a kwantar da jirgin wajen matuƙi don ƙyallen ya tsaya bisa tsakiyar jirgi. Juyin ma da nauyin jiki da babbar igiya ake yin yawancinsa, ba da linzami ba.

Haɗarin yana nan kusa. Idan aka saki ƙyalle da yawa kuma igiyar danniya ta yi sako-sako, saman ƙyallen yakan murɗe ya wuce gaban jigo, ya tura kan jigon zuwa gefen da matuƙi yake zaune. Jirgin ya kife ta kansa, cikin ƙiftawar ido. Da an ji alamarsa, a fizgo babbar igiya. Wani abin haushin kuma na wannan jirgi ne shi kaɗai: wajen sauya wa ƙyalle gefe, babbar igiya takan maƙale a kusurwar bayan jirgi, sai an ɗan fizge ta daidai lokacin da sandar kwance ke ƙetarewa. Wanda ya kife yana hawa allon tsakiya ya danna da nauyinsa jirgin ya tashi. Ba a korar kowa don ya kife, amma ko cikin rabin minti ya tashi, ayarin ya wuce.

Juyin da ba wanda ya sa shi

Dokokin haɗuwa kaɗan ne a tushe. Jirgin da iska ke bugunsa ta hagu shi ke kauce wa wanda take bugu ta dama. Idan gefe ɗaya take bugunsu, na saman iska ya kauce wa na ƙasa, na baya ya kauce wa na gaba. A wajen alama akwai da'ira ta tsawon jirgi uku, kusan mita 13: wanda ya riga ya sa goshinsa ta ciki kafin a shiga da'irar, dole a ba shi hanya ya kewaya. Wanda ya taɓa alama ya yi juyi ɗaya cikakke. Wanda ya tauye wa wani hakki ya ware gefe ya yi biyu. In ya ƙi, wanda aka cuta ya ɗaga murya nan take, da yamma a zauna gaban kwamitin alƙalai, kuma wanda aka samu da laifi an soke masa tseren gaba ɗaya. Shi ya sa mai hankali, in yana shakka, yake yin juyinsa: asarar matsayi biyar ta fi maki 44.

Doka ta 42 ita ce mai wuyar sha'ani. Ta hana tura jirgi da jiki: kaɗa ƙyalle kamar mafici, girgiza jirgi dama da hagu, zabura gaba a tsaya cak, ko kaɗa linzami kamar wutsiyar kifi. A jirgi mai kilo 59 waɗannan duka suna ƙara gudu sosai, musamman idan iska ta yi rauni, kuma tsakanin halastaccen motsi na juya jirgi da haramtacciyar girgiza siririn zare ne. Alƙalai suna bin ayarin a baya da tuta rawaya da usur. Karo na farko juyi biyu. Na biyu a gasa ɗaya, ka fice daga tseren. Wanda ya riga ya sha rawaya ɗaya yakan ƙarasa makon a takure, abokan hamayyarsa kuma sun sani.

Lissafin maki

Na ɗaya maki 1, na goma maki 10, mai ƙarancin maki shi ne a gaba. Ana yafe wa kowa tserensa mafi muni guda ɗaya. A tsarin da aka bi har gasar Paris ta 2024, goman farko ne ke shiga tseren ƙarshe, gajere, kusa da gaɓa, inda maki ke ninkawa biyu, ba a yafe shi, alƙalai kuma suna yanke hukunci nan take a kan ruwa. An fara wannan tsari a Olamfik ta 2008. Idan aka yi kunnen doki, wanda ya riga a tseren ƙarshe shi ya ci.

Ga sakamakon Wearn a Marseille: 12, 2, 1, 18, 1, 2, 10, 10. Aka yafe 18, ya rage 38. Abin lura ba na ɗayan guda biyu ba ne. Ranakun da abubuwa suka ƙi ne, inda ya tsaya a 10 da 12 maimakon 30. Yafiya ɗaya ce. Wanda ya sha baƙar tuta ranar farko ya cinye ta, duk wani tuntuɓe na gaba a kansa yake. Don haka manyan matuƙa ba sa caca da kusurwar fili sai dole. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A Tokyo, a ruwan Enoshima, Wearn ya buɗe da 17 da 28, ya cinye yafiyarsa tun da fari, sannan ya jero sakamako shida ba wanda ya wuce na huɗu, har ya tabbatar da zinare kafin tseren ƙarshe.

Tseren ƙarshe ba tseren gudu ba ne, lissafi ne, kuma wani lokaci farauta. A Rio a 2016, Tonči Stipanović na Kuroshiya ya shigo da ratar maki 10 a kan Tom Burton na Ostireliya. Burton yana bukatar jirage su shiga tsakaninsu, don haka tun kafin ƙaho ya manne masa, ya matse shi har alƙalai suka ba Stipanović hukuncin juyi. Burton ya ƙare na uku, Stipanović na tara: jimlar makinsu 73 da 75, zinare ya zama na Burton. Kafin a ƙirƙiro tseren ƙarshe ma ana yin irin wannan. A Sydney a 2000, Ben Ainslie na Birtaniya ya bar tseren kowa ya tsare Robert Scheidt na Burazil a bayan ayari, yana toshe masa iska da hanya, don ya tilasta masa ƙirga mummunan sakamako. A Burazil an ji haushi ƙwarai, amma doka ba ta hana ba, kuma shekara huɗu kafin nan, a tseren ƙarshe na gasar 1996, su biyun aka kora tare saboda riga ƙaho, abin da ya bar wa Scheidt zinare.

A Marseille, Kontides yana da 52, ratar maki 14. Kowane matsayi maki biyu ne, don haka sai ya riga Wearn da matsayi bakwai kafin su yi kunnen doki, wanda zai faɗa hannunsa. Ma'ana ko Kontides ya zo na ɗaya, na bakwai ya ishi Wearn. An tsara tseren ranar 6 ga Agusta, iska ta ƙi, aka ɗaga zuwa Laraba 7 ga wata. Ranar ma an fara, iskar ta lalace ana dab da gamawa, aka soke aka sake sabo. Wearn bai bar Kontides ya yi nisa da shi ba, a ƙarshe ma shi ya shigo na ɗaya, Kontides na biye: jimlar makinsu 40 da 56. Wearn ya zama na farko da ya ci zinaren wannan jirgi sau biyu a jere, kuma karo na huɗu ke nan a jere ga Ostireliya, bayan Tom Slingsby a 2012 da Burton a 2016.

Kontides ya maimaita azurfar da ya ci a 2012, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa. Peschiera kuwa ya shigo can baya a tseren, amma abin da ya tara a kwanakin baya ya riƙe shi a maki 80, ya kai wa Peru lambarta ta farko tun 1992.